Tsohuwar firinta, sikana da manhaja bayan hawa Windows 11: me ya yi aiki, me ya ƙi?

Mai Shagon Kwafi: Assalamu alaikum. Tunda Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu shagunan buga takardu ke ta tambayar makomar tsofaffin kayan aikinsu. Don Allah wanda ya gwada da hannunsa ya faɗi abin da ya gani, ban da ji-ta-ji-ta.

Injiniya Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai a shiga Settings, System, About, a duba ko 32-bit ake kai ko 64-bit. Windows 11 dai 64-bit ce kawai. Manhajar 32-bit galibi tana tafiya a kanta, amma direban 32-bit (direba shi ne manhajar da ke haɗa na'ura da Windows) ba ya hawa ko da me za a yi masa, kuma Compatibility mode ba ya gyara direba. Idan kwamfutar 64-bit ce, a buɗe Command Prompt a matsayin Administrator a rubuta `pnputil /export-driver * E:\direbobi`, bayan an ƙirƙiri wannan folda a filashi (E: harafin filashin ne). Zai kwashe duk direbobin da ba na Microsoft ba. Bayan hawa, sai Device Manager, Update driver, a nuna masa foldar.

Hajiya Mai Tafinta: HP LaserJet 1020 da P1102 suna bugawa lafiya da direban 64-bit. Canon LBP2900 ma haka, muddin aka samo direbanta CAPT na 64-bit. Mai gardama ita ce LaserJet 1010 da 1012. Sai ta buga shafi biyu-uku, ta fito da takarda ɗauke da "Unsupported Personality: PCL". Dalili shi ne ba ta jin yaren PCL sosai, kwamfuta ce ke shirya mata shafin, ga shi an ɗora mata aron direban wata firintar. A kashe ta a kunna za ta ci gaba, amma matsalar tana dawowa. Direbanta na Vista 64-bit, a kan tashar DOT4, ya fi zama daidai.

Mai Shagon Kwafi: Hajiya, sikana fa? Akwai masu CanoScan LiDE 20 da 30.

Hajiya Mai Tafinta: Waɗannan Canon ba ta taɓa yi musu direban 64-bit ba, Alhaji. Ko dai a sayi manhajar sikanin VueScan, mai zuwa da nasa direban, ko a bi ta VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin ta kwamfutar.

Malam Na Zariya: Bari in yi bayanin VirtualBox ɗin, don nan ake yawan tuntuɓe. A girka Windows XP ko Windows 7 mai 32-bit a ciki. XP ta wadatu da RAM 1GB, 7 kuwa a ba ta 2GB. Kafin a kunna ta, a shiga Settings, USB, a zaɓi USB 2.0, a ƙara sikanar a jerin filter. In ba a yi haka ba, babbar Windows ce za ta riƙe na'urar, ta ciki ba za ta gan ta ba sai an zaɓe ta da hannu a Devices, USB. Daga siga ta 7.0 USB 2.0 da 3.0 suna cikin VirtualBox kai tsaye. A baya sai da Extension Pack. A kashe wa Windows ta ciki intanet gaba ɗaya, a yi folda ta tarayya don fito da abin da aka yi sikanin. In ta ƙi tashi, a duba BIOS a kunna VT-x ko AMD-V. VirtualBox ɗin ne kuma mazaunin PageMaker 7, da kuma tsofaffin manhajojin lissafin kanti na 16-bit; na 16-bit ɗin Windows 64-bit ba ta buɗe su sam. Na DOS kuwa manhajar DOSBox ta ishe su.

Masu aikin ɗab'i, ku kwafe C:\Windows\Fonts tukuna. Littattafan da aka shirya da tsofaffin font na Hausa, kafin Unicode ta yaɗu, in font ɗin ya ɓace ƙ da ɗ da ɓ duk sai su koma wasu alamomi.

Oga Mai Sitika: Injin yankan sitika mai kebul ɗin USB zuwa serial, a duba guntun da ke cikin kebul ɗin. In Prolific PL2303HXA ne ko TA, sabon direba yana ƙin sa da gangan, wani lokaci da Code 10. Tsohon direba (3.3.2.102 ga HXA) yana tayar da shi, amma Windows Update kan maye gurbinsa a ɓoye. Ni a ganina wahalar ba ta kai ba, a sayi kebul mai guntun FTDI a huta. A kuma tabbata lambar tashar COM da baud rate (saurin aika bayanai) sun yi daidai da na manhajar yanka.

Injiniya Sabon Gari: Gaskiya ne, Oga. Ƙari biyu. Memory integrity, ƙarƙashin Core isolation a Windows Security, yana hana wasu tsofaffin direbobi hawa, kuma yana nuna sunan direban da ya tsaya masa. Sai manyan injinan fotokwafi masu tura sikanin zuwa folda: da yawansu SMB1, tsohuwar hanyar tura fayil ta network, kawai suka sani, ita kuwa a kashe take a Windows 11. Kada a kunna ta, ta ƙofar nan muguwar manhajar WannaCry ta shiga kwamfutoci a 2017. A koma FTP ko filashi.

Malam Na Zariya: Manhajar da ke neman .NET Framework 3.5, in datar sauke shi ta yi tsada, a saka filashin girka Windows a rubuta `dism /online /enable-feature /featurename:NetFx3 /all /source:E:\sources\sxs /limitaccess`. Sigar filashin ta zama ɗaya da wadda ke kan kwamfutar, in ba haka ba zai ƙi.

Injiniya Sabon Gari: Kwana 10 kacal ake da shi na komawa Windows 10 ta Recovery, Go back. A tsawaita shi zuwa 60 da `dism /online /set-osuninstallwindow /value:60` tun ranar farko, kuma kada Disk Cleanup ya taɓa foldar Windows.old har sai an gwada kowace na'ura.