Da gaske ƙwayoyin kabon na narkar da curin furotin na ciwon mantuwa?

Ɗiyar Hajiya:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata na fama da ciwon mantuwa, likita ya ce Alzheimer ce. Ya yi mini bayanin wani furotin, amiloyid-beta, da ke curewa a ƙwaƙwalwa. Yanzu kuma ina ganin tallar wani mai da aka sa wa C60 a intanet, wai kabon ne da ke narkar da curin. Don Allah masana, akwai gaskiya a ciki? Ina son sani ko da ba zai amfane ta yanzu ba.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Hajiya lafiya. C60 'yar ƙwallo ce mai atam 60 na kabon, an gano ta a 1985, faɗinta kusan nanomita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atam ɗaya, da bututun kabon duk danginta ne.

Shi amiloyid-beta gajeren zare ne na amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 40 ko 42. A tsakiyarsa, daga na 16 zuwa na 20, akwai yankin da ba ya shiri da ruwa, da amino asid biyu masu zobe da ake kira fenilalanin. Ta nan zare ke kama zare har su jeru su zama curi. To fuskar kabon ma zobba ce jere, ita ma ba ta shiri da ruwa, sai wannan yanki ya manne mata ya bar ɗan'uwansa. A kwalbar gwaji da lissafin kwamfuta an ga hakan na rage curewa.

Sai dai an ga akasin haka ma. Wani lokacin fuskar ƙwayar kabon ce ke tara zaruruwan wuri guda, curin ya fi saurin kamawa. Girman ƙwayar, yawanta da abin da aka lulluɓe ta da shi su ke yanke hukunci.

Likitar Tsofaffi:
'Yar'uwa, in ƙara kan na Malam. Masu bincike da yawa na ganin ƙananan dunƙulen amiloyid da ke yawo sun fi babban curin cutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kin ga abin da ya farfasa babba ya bar gutsuttsura zai iya ƙara ɓarna. Wannan ne ya fi damuna.

Ga kuma jini. Ƙwayar kabon na shiga, furotin na jini sun lulluɓe ta, fuskar da ake taƙama da ita ta ɓuya. Sannan dole ta tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ta yi aiki, ta fita daga jiki lafiya. A 2018 an wallafa cewa ɗigon girafin, wato ɗan mitsitsin gutsurensa, ya hana curewar alfa-sinuklin a ɓeraye, furotin da ke cikin cutar Parkinson da wani nau'in mantuwa. Aiki ne mai kyau, amma a ɓeraye.

Maganin da ke cire amiloyid da Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, ba kabon ba ne, kuma rage saurin cutar kawai yake yi, ga waɗanda ke farkonta. Kada ki ba Hajiya wannan man. Ba ki san tsabtarsa ba, ba ki san yadda zai yi da magungunan da take sha ba.

Ɗiyar Hajiya:
Na gode, Likita, Allah Ya saka. Zan kai wa likitanta hoton tallar, don ƙannena ma sun fara maganar saye.