Jaguar E-Type ko Porsche 911 ta farko: wacce ta fi gudu, wacce ta fi riƙe daraja?

Ɗan_Gwanjo: Salamu alaikum jama'a. Idan aka ajiye Jaguar E-Type Series 1 da Porsche 911 ta shekarun 1960, wacce ta fi gudu a kan titi, kuma wacce kuɗin mutum ba zai narke a cikinta ba? Me ya kamata a duba kafin a biya?

Mai_Sifana: Wa alaikumus salam. A miƙaƙƙen titi Jaguar ce gaba, babu gardama. Ta fito a Geneva a 1961 da inji mai lita 3.8, silinda shida a jere, kafireto uku ƙirar kamfanin SU, Jaguar ta ce ƙarfin dawaki 265 da gudun kilomita 240 a awa. Ita 911 ta 1964 lita 2.0 ce, dawaki 130, gudunta wajen 210. Sai dai ta fi sauƙin nauyi, giyarta biyar. Matsalarta injin yana bayan tayoyin baya: in ka saki totur a tsakiyar kwana, bayanta zai juyo maka. Shi ya sa a samfurin 1969 aka ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya da milimita 57.

Don tuƙi, ɗauki Jaguar mai lita 4.2 da ta fara a ƙarshen 1964. A mai lita 3.8, giya ta ɗaya ba ta shiga sai mota ta kusa tsayawa cak.

Injiniya_B: Malam, bar maganar gudu, tsatsa ce ke cin kuɗi. A Jaguar, bi ƙasan ƙofofi da ƙasan mota da maganaɗisu. Inda bai kama ba, ciko ne aka shafe da fenti. Bututun ƙarfen da ke riƙe da injin suna ruɓewa daga ciki, kuma ba a yi musu walda, sai dai a canza. Birkin baya yana manne da difaranshal, don haka canza faifansa yana nufin sauke ƙafar baya gaba ɗaya. Tana kuma yawan zafi a cunkoso saboda fankar asali ba ta da ƙarfi, a wanke lagireto a sa fanka mai kyau.

A 911, duba wurin batir, da bututun da sandunan sifirin na baya suke ciki. Idan wannan ya ruɓe, aiki ne babba, domin sai a samfurin 1976 Porsche ta fara rufe dukkan bodin da tutiya. Ka saurari injin da sanyi: ƙarar sarƙa tana nuna abin ɗame sarƙar taimin ya gaji, in ta tsallake fistin zai daki bawul. Mafi yawa suna sa irin na 911 Carrera ta 1984 mai aiki da matsin baƙin mai. Tazarar bawul milimita 0.1 ce, injin na sanyi.

Mai_Sifana: Batun daraja kuwa, a ganina 911 ta fi tsayawa da ƙafarta, musamman 911S ta 1967 mai dawaki 160. 911 Carrera RS 2.7 ta 1973 guda 1,580 kacal aka ƙera, kuma jabunta sun yi yawa. E-Type an yi fiye da 70,000, masu tsadar su ne na farkon 1961 masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da makullin bonet a waje. Kowacce ka zaɓa, lambar inji da ta shasi su dace da takardar kamfani, ta Jaguar Heritage ko ta Porsche, kafin ka ba da ko sisi.