Shawarwari kan amfani da tsarin SCOR

SCOR tsari ne da aka ƙirƙiro a Amurka a 1996 domin kamfanoni su riƙa auna tafiyar kayansu da ma'auni ɗaya. Matakansa da aka fi sani su ne tsarawa, sayo kayan aiki, ƙerawa, kai kaya ga mai saye, da karɓar wanda aka dawo da shi.

A wata tattaunawa kan yadda kamfani zai fara amfani da shi, yawancin waɗanda suka yi magana sun ce kada a rungumi tsarin gaba ɗaya a tashi guda. A fara zana yadda kaya ke tafiya yanzu, sannan a zaɓi ma'auni biyu ko uku. Wanda aka fi yabawa shi ne yawan odar da ta isa cikakkiya, a kan lokaci, ba lalacewa, takardunta kuma daidai. Ko ɗaya ya kuskure, odar ba ta shiga lissafi. Tsauri ne, amma a ganina nan amfaninsa yake.

Wasu sun ƙara da ƙirga kwanakin da ke tsakanin biyan mai sayar wa kamfani kayan aiki da karɓar kuɗi daga mai saye. Kan ko ƙaramin kamfani na buƙatar tsarin kuwa, ba a daidaita ba.