Wai ya ake shiga LEAP ɗin nan ne, tallafin kuɗin da gwamnatin Ghana ke ba matalauta?

Ɗan Nima: Salam jama'a. Ina tambaya ne saboda gwaggona, ta haura 70, jikoki marayu biyu a hannunta, ga ruwan sama ya shiga ɗakinta ya jiƙa katifa da ɗan garin da take tuwo da shi. Ina ake karɓan fom?

Hajiyan Mamobi: Wa alaikumussalam ɗana, Allah ya mayar da alheri. LEAP ba fom ba ne da za ka cike yau gobe kuɗi ya faɗo, tun 2008 ake yinsa kuma ma'aikata ne ke bin gidaje suna tantance waɗanda suka cancanta, wato tsofaffi daga shekara 65, marayu, masu naƙasa mai tsanani da masu ciki. Duk wata biyu ake biya ta katin cirar kuɗi na e-zwich, ga inshorar lafiya kyauta. Ka je sashen walwala na asambuli, wato ƙaramar hukumarku.

Ɗan Nima: To Hajiya kafin nan me za su ci?

Mai Shayi: Maganar ambaliya ai ta NADMO ce, hukumar agajin gaggawa, ka kai rahoto da wuri, ka ɗauki hoton ɗakin kafin ku share laka. Amma ka shirya bin layi, tun da kaya suka yi tashin gwauron zabi a 2022 masu neman taimako suka yi yawa, har waɗanda da can su ke bayarwa. Ni a teburina nake gani, mai shan shayi da ƙwai ya koma ruwan bunu.

Hajiyan Mamobi: Ka faɗa wa liman ma ranar Juma'a, kada kunya ta hana ka.