Agwagi suna ɓata wa kajina ruwan sha, ina neman shawara

Uwargida, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina da kajin gida 14 da agwagi 5 a bayan ɗakin girki, kuma dukkansu a kasko ɗaya suke shan ruwa. Da sassafe nake zuba musu ruwa garau, amma kafin hantsi ya koma kamar kunun kanwa, domin agwagin sai sun cika baki da dusa da ƙasa sannan su zo su ɗauraye a ciki, wata ma takan shiga ta kwanta. Wurin 'yan garuwa nake sayen ruwa, saboda haka ba zan iya sauya shi sau biyar a wuni ba, ga shi kaji biyu sun fara zawo. Yaya masu kiwon kaji da agwagi a gida ɗaya suke yi?

Dattijo mai kiwo, Jega:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Matuƙar mazubi ɗaya suke sha, ba za ki ga ruwa mai tsafta ba, domin kaza ɗiba take yi da baki ta ɗaga kai ta haɗiye, ita kuwa agwagwa dole ta nutsa kanta gaba ɗaya don ta wanke hanci da idanu, kuma da ruwa take tura busasshen abinci. Hana ta hakan cutarwa ne, don haka raba su za ki yi.

Ga agwagin, ki samo jarka mai lita 25, ki kwantar da ita, ki yanka ramuka biyu ko uku a gefen da ya kalli sama, kowanne daidai yadda kai da wuya za su shiga amma jiki ba zai bi ba. Ki tona ɗan rami a ƙarƙashinta ki cika da tsakuwa don abin da ya zube ya tsotse, kuma ki nisanta ta da wurin dusa kamar taku biyar. Na kajin kuma ki ɗora shi kan bulo ya kai tsayin bayan kaza, ki kewaye da shingen itace mai 'yar ƙofa wadda kazar gida za ta ratsa, agwagwa kuwa faɗin ƙirjinta ya hana ta. Idan akwai 'yan tsaki, a zuba tsakuwa a nasu mazubin, domin na sha tsintar su a mace cikin ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba.

Matashi, Bunza:

Hajiya, ni abin da nake yi shi ne in jefa ɗan alif ruwan ya kwanta, sannan in fasa kafso mai ja da rawaya a ciki duk mako. Haka na ga ana yi a gidanmu, kuma kajin ba su cika mutuwa ba.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Birnin Kebbi:

Shawarar Baba ta Jega ita ce daidai, amma ƙanena na Bunza, ka yi haƙuri in saɓa maka. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma zuba kafso a ruwa ba tare da an san cutar ba yana koya wa ƙwayoyin jure magani, ya kuma saura a cikin ƙwai da naman da iyali za su ci.

Hajiya, dalilin rabawar ya wuce laka. Agwagwa tana iya ɗauke da murar tsuntsaye ba tare da ta nuna alama ba, ta zubar da ita ta kashi a cikin ruwa, kaza ta sha ta mutu. An fara tabbatar da wannan cuta a Najeriya a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006, kuma ku da kuke kusa da fadamun shinkafa, inda tsuntsayen ruwa suke sauka, ya kamata ku hana agwagi yawo can su dawo su sha tare da kaji. Kashin jini ma a damshin da ke kewaye da mazubi yake yaɗuwa.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kaza mai ƙwai tana iya shan kusan rabin lita a wuni, saboda haka ki ƙiyasta wa kajinki lita 7, ki ajiye a inuwa, domin ba sa shan ruwan da ya ɗumama yadda ya kamata. A wanke mazuban kullum da soso da sabulu ko toka har santsin nan da gansakuka su fita. Ranar da za a ba su Lasota, wato rigakafin cutar kaji da ake kira Newcastle, ta ruwan sha kuma, kada a yi amfani da ruwan famfo mai kulorin, domin yana kashe maganin. Kajin biyu masu zawo ki ware su yau, ki duba ko akwai jini a kashin, sannan ki je asibitin dabbobi mafi kusa.

Uwargida, Argungu:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ware kajin, yara kuma sun yanka jarkar da yamma. Sai dai tunda na ɗauke kaskon, agwagin sun koma wanka a kwatar da ke bin bayan gida. Shin in riƙa ba su daro su yi wanka sau biyu a mako in zuba ruwan a gindin zogale, ko hakan bai isa ba?