Kissinger ko Chomsky, da wa zan fara?

MaiKaratu: Salam jama'a, don Allah wa ya karanta Diplomacy na Henry Kissinger? An ba ni aro amma wallahi kaurinsa ya kashe min jiki, ko in fara da littafin Noam Chomsky, malamin nan mai sukar manufofin Amurka?

Abu_Hanan: Wslm. Malam ai biyun nan ba sa ga maciji da juna. Kissinger shi ne sakataren harkokin wajen Amurka daga 1973 zuwa 1977, zamanin shugabanni Nixon da Ford, to kare gida yake, muradin ƙasa gaba da komai, kuma sai ka sha tarihin Turai da su Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na ƙarni na 19, ka ƙoshi kafin ka iso yaƙin Vietnam. Na Chomsky, Hegemony or Survival na 2003, wanda Chavez, shugaban Venezuela na lokacin, ya ɗaga a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2006, ya fi saurin shiga amma shi kuma komai laifin Washington ne, har ka gaji.

Ummu_Safiya: Ni dai yaya littafin mawaƙin Amurka Bob Dylan na 2004 ya fi min daɗi, Chronicles. Mutumin da ya rera Masters of War a 1963, sai ga shi yana cewa shi fa ba kakakin kowa ba ne, a bar shi da jitarsa.

Abu_Hanan: Hajiya wannan ai labarin waƙa ne ba siyasa ba. Ko Nobel ɗin adabin da aka ba shi a 2016 har yau ana musu.

MaiKaratu: Na gode, bari in lallaɓa Kissinger ɗin tukuna, mai littafin ya fara tambaya.