Aiki ya tsotse ƙanina likita, ta ina za mu fara?

Maman Hanif, Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanina likita ne mai neman ƙwarewa a tiyata, yana zaune tare da mu. Sau biyu ko uku a mako yake kwana asibiti, ranar hutunsa kuma ya wuce lokum, wato aikin wucin gadi na neman ƙarin kuɗi, a wani asibitin kuɗi. Wata uku ke nan ko ya yi barci ba ya wartsakewa, abu kaɗan sai faɗa, jiya har cewa ya yi marasa lafiya sun fara gundurarsa. Gajiya ce kawai ko ciwo? Mu a gida me za mu yi?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin wannan gajiyar aiki a 2019 da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan ya ga kamar ba ya tsinana komai. Ba ta kira shi cuta ba, matsala ce da wurin aiki ke haifarwa.

Amma kafin a tsaya nan, a tabbatar ba ciwon damuwa ba ne. Gajiyar aiki kan sassauta idan mutum ya yi nisa da asibiti, shi kuwa ciwon damuwa har wurin biki yake bin mai shi. Ya cike PHQ-9, takardar tantance ciwon damuwa, tambaya tara ce, ya san ta. Maki 10 ko sama, ya ga likita a ofis, da kati da komai, ba abokinsa a bakin ɗakin tiyata ba. Idan ya taɓa ambaton gara mutuwa, kada ku kwana, ku nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko sashen gaggawa mafi kusa. A auna yawan jininsa da sukari da tayirod. Ki kuma lura ko ya fara rubuta wa kansa Valium ko tiramadol, nan ne likitoci ke zamewa ba wanda ya sani.

Nas Mai Dare, Mushin:
Yaya, ki fara da barci. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa kan koma kamar na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Saboda haka in ya sauka daga kwana kada ya taɓa sitiyari. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja da Agege, ko ya hau tasi.

Cikin dare, in ya samu sarari, ya runtsa minti 20 da ƙararrawa. Ya haura minti 30 zai nutse, a tashe shi kansa ya yi nauyi. Nescafé kuma rabinsa na nan a jini bayan kusan awa biyar, wanda ya sha da asuba shi zai hana shi barcin hantsi. Ya sha a farkon dare ya bari. In ya iso gida ya ci abu mara nauyi, ya kwanta awa uku zuwa huɗu, ku tashe shi da azahar. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi har magariba, sai dare ya zo ido ƙyar, gobe kuma aiki. Labule mai kauri, fanka mai caji saboda wuta, wayarsa a hannunki.

Baban Likita, Ikeja:
Duk gaskiya ne, sai dai barci ba ya gyara jadawalin da ya karkace. A Amurka tun 2003 aka ƙayyade wa masu neman ƙwarewa awa 80 a mako, dokar Tarayyar Turai kuma 48 ta ce. Ya rubuta awanninsa na mako huɗu, har da na lokum da na go-sulo. Ya kai wa mai tsara jadawalin sashensu, da shawara a hannu: kada kwanan asibiti ya zo masa sau biyu a jere, kuma wa zai yi musaya da shi. Kuka ba lissafi ba ya motsa kowa. In ba a saurare shi ba, reshen ARD, ƙungiyarsu ta likitoci masu neman ƙwarewa, na nan. Ya saka ranar hutun shekararsa tun yanzu, kuma kada ya sayar da hutun ga lokum.

Hajiya, sauran a hannunku yake, ki yi haƙuri da ni. Ku zauna ku ga kuɗin lokum ɗin nan ina yake tafiya. In hidimar dangi ce, a raba ta, ya ajiye ko da rabin ranakun. Sannan ’yan uwa masu turo hoton takardar gwaji ta WhatsApp ƙarfe sha ɗaya na dare, ke za ki tare su, shi kunya ba za ta bar shi ba. A ware musu awa ɗaya ranar Lahadi bayan la'asar.

Maman Hanif, Agege:
Allah ya saka da alheri. Na dangin nan ni ce ma kan gaba wajen tura masa mutane. Yau yana kwana, gobe in ya tashi da azahar zan ajiye masa takardar tambayoyin kusa da abincinsa.